Hoton da Man Ginsin Ya Gyara

Shekarun baya can, zamanin da kuɗin mai ya mayar da kowa ɗan kwangila, ina karatun jinya a unguwar Camberwell ta London aka kawo mahaifiyata birnin da ciwon daji. Mahaifina ya biya komai, ya tsaya Kano wajen aikin wani titi da ya samu, ya ce zai biyo baya.

Cikin wata biyu magani ya cinye ta, fuskarta ta bushe kamar tsohuwar ƙwarya. Likita ya ja ni gefe ya ce da wuya ta wuce wata uku. Ni mai taƙama da ilimin jinya, na kasa faɗa wa kowa.

Wata abokiyar karatuna 'yar Koriya ta kawo mana 'yar kwalbar man shafawa. Ta ce da saiwar ginsin ake yin sa, wadda ake turarawa a shanya har ta yi ja. Mahaifiyata ta shinshina ta ce, "Wannan ai saiwa ce. Ba jiƙawa ake a sha ba?" Na ce, "A'a Inna, shafawa ake." Ta ce, "Ikon Allah. Mutum da saiwa a hannu ya ƙarar da ita a fuska."

Duk da haka ta yarda, kullum da safe ni ke murza mata. Bayan sati uku fatar ta yi laushi, goshin har sheƙi yake. Ta dubi madubi ta ce, "Nemo mai hoto, mu kwantar wa babanku da hankali." Na ɗaura mata ɗankwali, na sa mata kwalli, na tokare bayanta da matashi uku don ba ta iya zama da kanta. Ni na kai hoton gidan waya, ban haɗa da ko kalma ɗaya ta likita ba.

Amsa ta zo: "Alhamdulillahi, na ga sauƙi ya samu. Na ɗaga tafiyar sai an gama titin." Na ce gobe zan buga masa tangaraho in faɗi gaskiya. Tsoro ya sa goben nan ta kai kwana tara. A rana ta goma Inna ta rasu, tana tambayata ko jirginsa ya sauka. A London aka binne ta, bai gan ta ba.

Mahaifina ya rataye hoton a ɗakinsa. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa ya ce, "Dubi fa, lafiyarta ƙalau, kwana ne ya ƙare." Har shi ma ya rasu ban faɗa masa abin da ke tokare da bayanta a hoton ba.

Kwanan baya jikata ta sayo mini irin man, wai zai mayar da ni yarinya. Tana buɗewa ƙanshin saiwar ya buge ni, zuciyata ta karye kamar a ranar aka yi. Ban ga laifin man ba, aikinsa ya yi. Na ce mata ta rufe, kuma duk ranar da na kwanta ciwo, kada wanda ya gyara mini fuska kafin a kira mutanena.