Yadda Na Tsiyata Ɗanjuma

Ranar Larabar farko bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da aka sa ni elementare, na shigo gidanmu na Tudun Wada da littafi a hammata, ina taku kamar an naɗa ni alƙali. Malam Sule, malaminmu, shi ya ara mini ɗaya daga cikin wasu ƙananan littattafai masu zane, labarin wani manomi wai shi Ɗanjuma. A lokacin ko sunana ban iya karantawa da boko ba. Ga shi Baba ya ce in aka yi girbi ban iya karatu ba, gona zan koma. Kakata Iya Mairo kaɗai ta tsaya mini.

Kullum bayan la'asar, in na ɗebo ruwa na zuba wa awaki dusa, sai a shimfiɗa tabarma a gindin durumi. Mata su ajiye surfe, har Baba mai cewa zane aikin banza ne yakan leƙo ta kafaɗata. Ni kuwa sai na buɗe littafin daga dama, yadda na ga ana buɗe littattafan Larabci a makarantar zaure, ina bin zane ina ƙaga labari. Ɗanjuma ya fara da garken shanu da rumbuna, shafi bayan shafi yana tsiyacewa, har ya rage daga shi sai kaza guda. Na ƙara gishiri da gobara da kura da ɓarayi. Iya ta yi kukan da zai isa wanke-wanken gida, har ƙosai ta sa aka soya sadaka, ko Allah zai buɗa wa bawan nan.

Don ta rufe bakin Baba, sai ta gayyato Malam Sule da danginta na Gyallesu su ji jikanta. Na yi gyaran murya na fara. Malam ya miƙo hannu a hankali, ya juya littafin a kan cinyata.

"Daga nan ake farawa, Garba. Da kaza ya fara."

Dariyar matan nan, na rantse an ji ta har can unguwar Hanwa. Baba ya ce gobe a ba ni fartanya. Iya ta daɗe tana kallon tabarma kafin ta ɗago.

"Wato mai shanu na yi wa sadaka, ja'iri?" Ta juya wajen Baba. "Ba inda za shi sai makaranta, sai ya karanta mini na gaskiyar, baƙi bayan baƙi."

Wata huɗu na yi ina gumi kafin na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, amma ba ta ƙara kiran kowa ba.

Yau 'ya'yana suna da littattafai masu launi har a ƙarƙashin gado, kuma babu dattijon da ke barin aikinsa ya leƙa. In na ba su labarin nan sukan kwashe da dariya, ni ma in taya su. Amma fuskar Iya a gaban baƙinta ba ta taɓa ba ni dariya ba.