Katin da Muka Ɗinke a Bawku

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, har sunayen wasu jikokina sai an tuna mini. Amma ranar da na haye lorin gwamnati babu izinin kowa, na bi taubashina daga Yendi har Bawku, wannan kam da ita za a kai ni kabari.

Ni gurgu ne. Shan inna ya kama ƙafafuna tun ban yi wayo ba, da hannu nake tafiya, ina dafa 'yan katako biyu. Taubashina kuwa, ɗan gwaggona, ƙato ne mai ƙafa kamar taɓarya, amma idonsa ya tafi yana saurayi, bayan shekarun da ya yi yana noman doya a bakin kogi. A zangon Salaga, unguwar Hausawan garinmu, babu mai kiranmu da sunan yanka. Shi ya sa mini Mai Ido, ni na sa masa Mai Ƙafa, gari duka ya ɗauka.

Sana'armu ɗinki, mu biyu a keke ɗaya. Wani tsohon tela a bakin kasuwa, da bayansa ya fara ciwo, shi ya bar mana kekensa na ƙafa. Ni in zauna a gaba in riƙe yadi, taubashina ya zauna ta baya a kan 'yar kujera ya miƙo ƙafa yana takawa. Da farko sai na ce "mu je" ya taka, in ce "tsaya" ya tsaya. Da tafiya ta yi nisa, ban ma buƙatar magana. Ashe duk lokacin da na zo ƙarshen layi ina jan numfashi, ni ban sani ba, shi ya gano. Da na ja, ƙafarsa ta tsaya cak. Muna cikin wannan daɗi tsohon ya tattara ya koma wurin ɗansa a Kete Krachi, ya tafi da kekensa, ya bar mu da almakashi da surutu.

A lokacin, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, gwamnati tana taimaka wa irinmu da kayan sana'a, sai dai kowa da ƙofarsa. Makafi da ofishinsu, guragu da nasu a wani wuri daban, kutare kuma suna hannun mutanen asibiti. Na je namu na roƙi keken ƙafa, akawu ya leƙa ƙarƙashin tebur ya dubi ƙafafuna ya ce da me zan taka. Ya ce in jira keken hannu. Keken hannu! Hannu ɗaya na juyawa, ɗaya na riƙe babbar riga, shi kuma taubashina ya ci me? Shi ma ya je nasu, aka tambaye shi da wane ido zai ga allura. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kowannensu gaskiya ya faɗa. Muka dawo da kati kowa, nawa shuɗi, nasa ruwan ɗorawa.

Rannan sai ga mai shela yana zagaya zango: gwamnati ta haɗe ofisoshin nan wuri guda, duk mai kati ya je Yendi a sake rubuta shi. Wayyo daɗi! Na ce, "Mai Ƙafa, an zo wurin. Yanzu mutum ɗaya zai ga idona ya ga ƙafarka a lokaci guda." Ya ce, "In dai ba bakinka ya fara gani ba." Muka saka rigunan Sallah muka kama hanya.

Da muka isa Yendi sai na tarar da abin da ban zata ba. An haɗe su, gaskiya ne, amma rufin ɗaki kawai aka haɗa. Tebur uku, akawu uku, kowa da kabad ɗinsa da ya taho da shi daga tsohon ofis, har sun juya wa juna baya. A bakin ƙofa aka raba mu, shuɗin kati nan, ruwan ɗorawa can. Da layi ya zo kaina na ce, "Malam akawu, mu fa biyu ne, ga ɗan'uwana can." Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Kati ɗaya, mutum ɗaya." Sabon tsari kuwa shi ne guragu su zauna a Yendi su koyi gyaran takalmi, makafi a kai su Bawku su koyi saƙar kwando da tufkar igiya, shekara guda cur. Na tambayi kekunan ɗinki, ya ce duk an kwashe su an kai Bawku, can shugabar ofisoshin take.

Na fito na tarar har an fara ɗora makafi a lori. Taubashina yana tsaye a baya da sandarsa, yana juya kai yana neman muryata. Da ya ji ƙarar katakona sai ya ce, "Mai Ido, to wa zai riƙa gaya mini in na sa riga a baibai?" Tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na san in motar nan ta tashi ba ni ciki, sana'armu ta mutu, shi zai zama mai kwando a gari mai nisa, ni mai ƙusa da guduma.

Direba ya tayar da mota. Ban san lokacin da na cilla katakona ciki na kama sarƙar ƙofar baya ba. Mai tafiya da hannu, kada ka raina damtsensa! Direba ya hango ni ya diro a guje, ya kama ƙuguna yana ja ƙasa, makafi kuma suka laluba suka kama hannuwana suna ja sama, taubashina yana ihu, "Ku ja, namu ne!" Direba ya taka taya zai hau ya ɓamɓare ni, sai wani ƙarfe ya kama wandonsa ta baya, ƙyaaat, tun daga ƙugu har gwiwa. Ya dafe baya da hannu biyu, ni kuwa na faɗa ciki. Ya yi ta zagi da Dagbanci da Hausa, ya ce in mun je ni da Madam, wato shugabar, ya koma ya ja mota.

Tafiyar nan ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Ni kaɗai ne mai ido a bayan lorin, sai na zama rediyonsu. Na ba su labarin kowace kasuwa da muka wuce, da hawan dutsen Nakpanduri, har da ƙari na abin da ban gani ba. Taubashina yana cewa, "Kada ku yarda, rabin maganarsa ƙarya ce, ni na san shi."

Da la'asar muka shiga Bawku. Shugabar, wata mata ce 'yar kudu mai tabarau, Hausarta irin ta zango. Tana tsaye da takarda tana ƙirga masu saukowa, sai ta ga ƙari ɗaya yana saukowa da hannu. Ta ce, "Kai, wane ne ya kawo ka? Kai ba makaho ba ne." Na ce, "Ranki ya daɗe, ni ne idon wancan ƙaton." Ba ta yi dariya ba. Ta ce gobe da safe motar za ta mayar da ni Yendi.

A nan ne na hango su a baranda: kekunan ƙafa a jere, an lulluɓe su da buhuna. Na tambaya wa ke aiki da su. Ta ce babu kowa, guragu ba su iya takawa, makafi ba su iya gani. Ai sai zuciya ta ɗebe ni. Na fara faɗa, ina cewa an haɗa ofis an raba mutane, an tara keke an bar shi yana tsatsa. Taubashina ya laluba ya matse mini kunne, ya ce a hankali, "Madam, ki rabu da shi, tun yana ƙarami haka yake. Ki ba mu keke ɗaya da wandon direba."

Ta dubi direba, wanda tun saukarsa yake tafiya da baya-baya yana bin bango. A nan ta fara murmushi. Aka ba shi zane ya ɗaura, aka miƙo wando, aka jawo keke tsakar fili. Taubashina ya shafa shi ko'ina, ya ce a kawo mai, ya ce igiyar ta saki a ɗaure. Aka ɗora ni a kujera, ma'aikata da makafi suka kewaye mu.

Na ce "mu je," layin farko ya karkace, zare ya tsinke. Sai taubashina ya ce da ƙarfi, "Mai Ido, idon naka a Yendi ka baro shi ne?" Kowa ya fashe da dariya, har ni, kuma dariyar nan ce ta kwance mini hannu. Na sake zura zare. Keke ya ɗauki kiɗansa, yadi yana tafiya sumul, ina zuwa ƙarshen layi ƙafarsa na tsayawa ba tare da na ce uffan ba. Muna tsakiyar layi na ƙarshe ya tsaya da kansa ya ce zaren ƙasa ya kusa ƙarewa. Madam ta sunkuya ta buɗe da hannunta. Saura ɗan taƙi.

Direba ya sa wandonsa ya tsuguna ya miƙe, ya tsuguna ya miƙe, ɗinki bai motsa ba. Amma Madam ta tsaya da katunanmu biyu a hannu tana jujjuyawa. Ta ce ta gani da idonta, sai dai doka ta ce keke ɗaya a kan kati ɗaya. In ta rubuta a nawa, shi zai tafi kwando. In ta rubuta a nasa, ni zan koma takalmi.

Taubashina ya ce, "Kati ɗaya ake so? Miƙa wa Mai Ido su." Na karɓa, na haɗa bakin shuɗi da bakin ruwan ɗorawa, na sa ƙarƙashin allura, na ce, "Mu je." Layi biyu na yi musu don ƙwari. Madam ta yi dariya har ta cire tabarau tana share hawaye. Ta aika aka kawo hatimi, ta buga shi daidai kan ɗinkin, rabi a nawa rabi a nasa, ta ce duk akawun da ke son ya raba ya zo ya same ta.

Bayan kwana uku muka koma Salaga da keke a bayan lori, direban nan ne ma ya sauke mana shi har ƙofar rumfa. Da keken nan muka yi aure, da shi muka aurar.

Abin da na koya shi ne, haɗa tebur da kabad ba shi da wuya, kuma ba shi ne taimako ba. In za ka taimaki mutum, kafin ka rubuta abin da ya rasa, tambaye shi abin da ya iya da wanda yake yi da shi. Taubashina ya riga ni tafiya, Allah ya jiƙansa. Katin yana cikin akwatina, ɗinkin bai warware ba. Yanzu keken lantarki ne a shagon, da hannu nake danna shi, amma har yau in na zo ƙarshen layi sai in ja numfashi, ina jira ya tsaya.