Takardar da ta hana a sa wa ɗana mari

Ɗana na fari, tun yana shekara bakwai Allah bai yi masa zama ba. A aike shi sayen gishiri, sai a tsince shi bakin rafi yana kallon kwaɗi, ya manta abin da ya fito da shi. Nakan ce guguwa aka haifa mana, uwarsa ta harare ni.

Dariya ta ƙare ranar da aka ba shi gadin shanyar gyaɗa, ya bi wata fara, awakin maƙwabta suka yi walima. Mahaifina ya kira ni zaure.

"Da an gama kai amfani gida, zan kai shi gidan mari. Malam zai zaunar da shi."

Na taɓa leƙa irin gidan nan. Na ga ƙarfe a ƙafar yaro, na ga inda ya ci fata. Amma wa ke musu da Baba?

Lokacin ina bin motar hatsi, Funtuwa, Zariya, har kudu, duk inda muka tsaya sai na yi tambaya. Mai kemis a kasuwar Ƙaraye ya ce tsutsar ciki ce. Muka kashe tsutsa, yaro ya ƙara gudu. Rubutu kuwa, kafin ya kai baki rabi ya zube. Ga wa'adin Baba yana ta matsowa.

A wani ƙaramin asibiti wajen Rogo na samu wata dattijuwar nas. Ta bar ni na gama surutuna.

"Yana jin magana, riƙewa ce ba ya yi?"

"Haka ne, Hajiya."

"Ba taurin kai ba ne, ba iska ba ce. An taɓa ba mu labarin irinsu a makaranta. Likitan ƙwaƙwalwa za ka nema, a Kano. Ni dai ban san maganinsa ba."

"To ki taimake ni ki rubuta, ki buga hatimi. Baba ba ya jin bakina."

Ta rubuta, ta buga hatimi. Da na koma gida na miƙa wa Baba takardar. Ba ya karanta boko. Ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana duban hatimin.

"Ta gwamnati ce?"

"Eh, Baba."

"To ni ba na ja da hukuma. Kai shi Kanon. In sun kasa, Malam yana nan."

Washegari muka shiga motar Kano, ina riƙe da hannunsa gam, ban ma san ƙofar da zan fara tambaya ba.