Koren Dunƙulen Rindogan: Ta'aziyyar Kuwabara Tokiko

Ni Hatanaka Genzo, ban gaji ko tsinke ba. Daga Akita na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Ueno da ke Tokyo ina ɗan shekara goma sha takwas, da takardar sakandare ɗaya da jakar da uwata ta ɗinka da tsohon bargo. Na yi dako a kasuwar kifi. Na yi aikin raba takardu a kan babur. Na yi fenti shekara biyu a kamfanin zanen majigi. Daga nan na buɗe masana'antar roba a Saitama da tsohon inji guda, yau injuna goma sha huɗu ne ke gurnani a cikinta. Na gina gida, na aurar da 'ya'ya uku, ba dangi a birni, ba ubangida. Wannan jerin na karanta shi a wuraren biki har jikokina sun haddace shi, suna riga ni ƙarasawa. Na kawo shi nan ne saboda a makon jiya na gano akwai gyara a cikinsa.

Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, da hantsi, Kuwabara Tokiko ta rasu a gidan 'yarta Misae da ke Nerima, tana da shekara tamanin da takwas. Ita ce shugabar sashen fenti a lokacin da muka yi Rindogan, Sarkin Ƙarfe, shirin nan na ƙaton mutum-mutumi da ya riƙa hana yara cin abincin yamma kowace Lahadi a 1975. Masu kula da mujallar tsofaffin ma'aikata sun nemi in rubuta shafi ɗaya a kanta. Na gaya musu shafi ɗaya ba zai isa ba.

Kuwabara-san, kamar yadda muke kiranki don girmamawa, bari in yi magana da ke kai tsaye, don ban iya kewaye-kewaye ba, ke ma kin sani.

Yaran yanzu da ke zane da kwamfuta ba za su gane aikinmu ba. Kowane motsi na Rindogan, ko ɗaga yatsa ne, sai an zana shi a kan wata leda mai tauri, garau kamar gilashi, wadda muke kira sel. Masu layi su ja baƙin layi ta gaba, mu kuma mu juya ta mu cika fenti ta baya. Ba mu zaɓar launi. Kowane gurbi da lambarsa, kowace kwalabar fenti da lambarta a kan murfi. Idan mun gama, sai a kawo miki. Ki ɗaga sel ɗin saitin taga, ki karkata kai, ki yi shiru. Wannan shirun naki ya fi ihun kowane manaja razana mu. Kin taɓa dawo mini da aiki saboda gashin gira ɗaya da ya faɗa cikin shuɗin sama.

“Ɗan Akita,” kika ce, “sama na ce ka fenta, ba kanka ba. In gashi ya yi maka yawa, akwai wanzami a ƙasan bene.”

Matan sashen, waɗanda ke kiranki Babbar Yaya, suka yi ta dariya har fenti ya nemi zubewa. Na ji haushi ranar. Da azahar kuma na tarar da dunƙulen shinkafa biyu a kan teburina, an naɗe su da ganye, ba wanda ya ce shi ya ajiye.

Haka kike. Lokacin da Fusae, mai zama kusa da ni, ta yi nauyi da cikin fari kuma warin fenti ya dame ta, kin kore ta gida da faɗa, kika ɗauki rabonta kika haɗa da naki har ta haihu. Matan aure da ke yi mana fenti a gidajensu, kin riƙa hawa jirgin ƙasa ranar hutunki kina bin su ɗaya bayan ɗaya, kina nuna musu yadda ake riƙe buroshi kada ya bar sawu. Babu sunan ko ɗaya daga cikinmu da ya taɓa fitowa a ƙarshen shiri. Sunan kamfani kawai ake rubutawa. Naki sunan sau ɗaya ya shiga littafin tarihi, kuma a kan kuskure ne.

Duk wanda ya kalli Rindogan ya san wurin. Jirage uku su taso, su haɗu a sama, su zama ƙato guda, ya ɗaga dunƙulen hagu. Wannan haɗuwar sau ɗaya ake ɗaukarta a fim, sai a ajiye, a riƙa maimaita ta kowane mako. Dunƙulen Rindogan ja ne. Amma a daidai lokacin da ya ɗaga shi, na ƙasa da daƙiƙa ɗaya, sai ya zama kore, ya sake komawa ja. Mako hamsin da biyu yana yin haka a gaban yaran ƙasar nan kaf.

Na ji bayanai iri-iri a kan wannan koren. Wani malamin jami'a ya ce alama ce ta ruhin ɗan'uwan matuƙin Rindogan da ya mutu. Wasu sun ce wani ɓoyayyen makami ne da aka fasa nunawa. Wani direban tasi ya taɓa rantse mini cewa talabijin ɗin gidansu ce kawai ke yin haka, shekara talatin yana zargin akwatin ubansa. Littafin da masoya shirin suka wallafa kuwa ya yanke hukunci da layi ɗaya: kuskuren mai duba fenti, Kuwabara.

To, ga abin da bai shiga littafin ba.

Tun ina firamare aka nuna mana wani littafi mai ɗige-ɗige aka ce mu karanta lambobin ciki. Kowa ya karanta, ni ban ga komai ba. Malamin ya rubuta a takardata cewa idona ba ya raba ja da kore, ya ce in manta da aikin jirgin ƙasa, da na ɗinki, da duk abin da ya shafi launi. Ban gaya wa kowa ba a Tokyo. Kamfaninku ya ɗauke ni cikin gaggawa, ba a gwada idon kowa ba, ni kuma na lura aikin na lamba ne. Hannuna ba ya rawa, buroshina ba ya tsallake layi, lamba kuwa ina karanta ta kamar kowa. Na ce a raina wannan aikin an yi shi ne domina.

Kowace safiya sai mun juya fenti da tsinke don kada ya kwanta. Ran nan ina sauri, na buɗe kwalabe biyu a lokaci guda, na juya, na rufe. Murafen suka sauya gida. Dunƙulen hagu yana kan nasa sel ɗin daban, guda shida, kuma ni aka ba su. Na cika su tsaf da abin da murfi ya ce mini ja ne. A idona duka biyun launin shayi ne da ya daɗe a buta.

Bayan kwana huɗu aka tara mu a ɗakin gwaji don kallon fim ɗin. Rindogan ya ɗaga hannu, sai na ji ɗakin gaba ɗaya ya ja numfashi. Na duba allo, ban ga komai ba sai kyakkyawan aiki. Na waiga na ga bakin kowa a buɗe, sai ni ma na buɗe nawa. Oguri, manajan shirin, ya kunna fitila yana huci.

“Wane makahon ne ya fenta wannan? Rindogan ne ko kokwamba? Lahadi za a haska shi! Masu kayan wasa sun riga sun cika shaguna da jan hannu!”

Kika miƙe, kika gyara zaman tabaranki.

“Oguri-san, rage murya, ba kurame ba ne mu. Hatimin wa ke kan takardar duba fentin?”

“Naki.”

“To me ya kai ka neman mai buroshi? Ni na duba, ni na wuce da shi.”

Kika sunkuya har ƙasa don ba da haƙuri, kika daɗe a haka. Ni ina layi na uku, na san sel shidan nan nawa ne, ban ce uffan ba. Ba a sake ɗaukar fim ɗin ba, don lokaci ya ƙure, daga baya kuma yara suka fara aiko da wasiƙu suna tambayar yaushe koren hannu zai yi faɗa. Amma ke an sauke ki daga shugabanci da aka gama shirin, kika koma teburin fenti cikin waɗanda kika koyar, kika zauna a nan har ritaya.

Shekara hamsin ina juya wannan abu a raina kamar yadda muke juya fenti. Ba wai kunya kaɗai ba, ko da yake akwai ta. Mamaki ne ya fi yawa. Matar da ta ga gashin gira a cikin sama, ta yaya koren dunƙule har guda shida ya wuce ta? Na ce ko gajiya ce. Na ce ko ranar hadari ya rufe tagar. Har likitan ido na taɓa tambaya, da sunan wani abokina, ko mai lafiyar ido kan yi irin wannan makanta ta minti ɗaya. Kowace sabuwar shekara ina aiko miki da kati, ki aiko da naki, ban taɓa samun bakin tambaya ba.

Ranar da aka yi zaman makokinki, bayan na sa turare na juya zan fita, sai Misae ta tare ni a bakin ƙofa inda ake cire takalma. Ba fuskata ta kalla ba, ƙafata ta kalla.

“Kawu, kai ne Hatanaka-san?”

“Ni ne. A ina kika san ni?”

“Mama ta ce wani tsoho zai zo, mai yawan labarin kansa, in duba safarsa. Yau dai baƙaƙe ne duka biyun. Matarka ce ta zaɓa maka, ko?”

Ta miƙo mini ambulan. A ciki akwai takardar mayar da aiki, irin wadda kike cikewa idan sel ya lalace. Ƙa'idar kamfani ita ce ba a ba da sabuwar leda mai layi sai da wannan takarda, ɗauke da sunan mai fenti da dalili, kuma ta teburin Oguri take bi. Kin rubuta kwanan wata. Kin rubuta lambar sel shida. Kin rubuta Hatanaka. Gurbin dalili kuwa fari fat, sai ɗigon tawada ɗaya inda alƙalami ya sauka ya tsaya.

Misae ta ce kin gaya mata tun makona na farko kika gane matsalar idona. A sashenmu ba a shiga da takalmi, ni kuma ina zuwa da safa ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya koriya, ina taku kamar ɗan sarki. Da kin rubuta cewa mutum ya sa kore a gurbin ja har sau shida bai lura ba, da Oguri ya aika an kawo littafin ɗige-ɗige, da kuma na koma dakon kifi kafin Asabar.

Sai a nan na tuna da dokar da kika kafa bayan abin ya faru: a rubuta lamba a jikin kwalaba, ba a murfi ba, kuma kada kowa ya buɗe biyu a lokaci guda. Mutum goma sha ɗaya suka bi wannan doka suna gunaguni. Ni ma na yi gunagunin tare da su, ban san domina aka kafa ta ba.

Tambaya ɗaya ta mutu, an haifi wasu. Me ya sa ni, da ban taɓa yi miki komai ba sai gardama? Minti nawa alƙalamin ya yi a tsaye kafin ki ɗauke shi? Me ya sa ba ki yaga takardar ba, kika ajiye ta shekara hamsin a akwatin zare da allura? Jira kike in zo in tambaya? Kuma wannan koren da duniya ke magana a kai, yana da kyau kuwa? Ni da na fenta shi ban taɓa ganinsa ba.

Kuwabara-san, ina roƙa miki rahama. Hanyar kwana arba'in da tara da aka ce mamaci na bi zuwa makwancinsa ta yi miki sauƙi, ki ƙetare lafiya, ki sami wurin hutu mai babbar taga. Zan riƙa kunna miki turare muddin hannuna na iya riƙe ashana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Misae da mijinta da 'ya'yansu, da Fusae, da duk sauran matan sashen fenti da suka rage. Ku yi haƙuri, mun yi rashin Babbar Yaya.

Saura magana ɗaya, kuma ga masu shirya baje kolin cikar Rindogan shekara hamsin nake yin ta. Na ji za ku rataye sel shidan nan a watan Afrilu, kuma kun kwafo layin littafin nan za ku manna a ƙarƙashinsu. Ban yarda ba. Takardar tana hannuna, duk mai shakka ya zo Saitama ya gani. Ku rubuta cewa Kuwabara Tokiko ta duba, ta gani sarai, ta buga hatimi da saninta. A ƙarƙashin wannan ku rubuta wanda ya yi kuskuren, da manyan baƙaƙe, ba a taƙaice ba: Hatanaka Genzo, ɗan Akita. Zan zo ranar buɗewa in duba da kaina. Launi ne ba na gani, rubutu ina karantawa.