Tsuntsuwar da Baffa Ya Yi wa Ɗori

Har yau in na jiƙa wa kajina dusa, ƙanshinta ya bugi hancina, sai in tuna wata damina a ƙauyenmu da ke bayan Sandamu. A gidanmu kowace yarinya ana ba ta kaza ta fara kiwo. Tawa shaho ya ɗauke tun tana 'yar tsako, na zama ni kaɗai ce ba ni da komai a akurki, 'yan'uwana kuwa ba su bar ni na manta ba.

Wata safiya bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, na tsinci wata tsuntsuwa kwance a kan laka a hanyar gona. Ba ta kai kaza ba, bayanta baƙi-baƙi, wuyanta ja kamar jan ƙasa, da ɗan ɗigon rawaya a gefen baki. Wutsiya kuwa babu, sai tulin gashi. Tana yunƙurin tashi tana kifewa da ƙirji. Na naɗe ta a zane na ruga gida, ina cewa Allah ya ba ni agwagwa.

Baffa, ƙanen Baba, shi ke ɗora awakin unguwa in sun karye. Ya juya ta, ya ga ƙafafun can baya wajen gindi, ya ce gocewa ce. Ya fasa karan dawa ya yi mata ɗori, har da tofi. Na sa ta a akurki, na kawo gero da dusa, ko kallo ba ta yi musu ba. Washegari idonta ya fara lumshewa, hankalina ya tashi ƙwarai.

Da hantsi ta yi wani kuka, siriri mai karkarwa, kamar haniniyar ɗan doki daga nesa. Kakarmu, wadda idonta ya riga ya yi hazo, tana zaune tana kaɗi. Ta tsayar da mazari.

"Wa ya kawo mana 'yar nutso cikin gida?"

Na ce agwagwata ce. Ta ce in miƙo. Ta kwance ɗorin, ta shafa ƙafar, ta kama yatsana ta ɗora a kai.

"Ji nan, ƙawata. Agwagwa fata ce ta haɗe yatsunta. Wannan kowane yatsa da faɗinsa kamar ganye. Ba gocewa ba ce, haka Mai Sama ya yi ta. A ruwa take ci, a ruwa take kwana. In kin bar ta nan, gobe gawa za ki ɗauka."

Baffa ya sosa ƙeya ya tuna yana da aiki a gona. Ni kuwa kuka na fashe da shi, don ina son ta, kuma na san dariyar da ke jirana.

Ni na ja Kaka da sandarta har bakin tafki. Ina sakin tsuntsuwar ta lume, ruwa ya rufe. Na ƙwala ihu na ce ta nutse, mun kashe ta. Kaka ta riƙe kafaɗata ta ce in duba can nesa. Sai ga ɗan kai ya ɓullo kusa da bado, tana girgiza wuya. Ta saki kukan nan nata, wata ta amsa daga cikin ciyawa. Daɗin da na ji a ranar ya fi na kazar da aka sake ba ni bayan girbi.

Yanzu masu bulo sun cinye rabin tafkin, gidaje sun matso har bakinsa. In na je gida da damina nakan ce wa mai babur ya kashe inji a wurin. Yana zaton bayana ke ciwo. Wata shekara shiru. Bara kuwa na ji su, su biyu, na ce masa mu tafi.