Ranar da Iska Ta Bar Tafki

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa, har da haƙora huɗu da sunayen wasu jikokina, amma abin da ya faru a bakin wani tafki tsakanin Isa da Sabon Birni ba zan manta da shi ba sai ranar da aka rufe ni. Zamanin Turawa ne. Ina da shekara talatin da 'yan kai, ina yi wa wani Baturen haƙar rijiyoyi tafinta. Gajeren wando nake sawa da safa har gwiwa a tsakiyar bazara, ina jin duk ƙasar Gobir babu mai ilmi sai ni da shi. A raina ma na ɗan fi shi, tunda ni harshe biyu gare ni.

An yi damina biyu a jere marasa kirki. Gulbi bai cika ya kwararo cikin tafkin ba, ruwa ya ja baya ya yi kore, rana kuma ta sa shi gaba. Saura kwana uku a yi su, wato ranar da duk gari ke faɗawa ruwa kamun kifi, sai aka wayi gari kifi ya taso ciki sama, fari fat har tsallake. Wari kuwa ko doki ba ya son matsowa.

Mai kula da tafkin shi ne Sarkin Ruwa, wani tsoho siriri marar yawan magana, wanda ya gaji rawanin daga ubansa. Yana da wani ɗan'uwa da ya daɗe yana auna rawanin da ido. Kafin hantsi wannan ɗan'uwa ya gama gari da cewa tsoho ya zuba magimfa a ɓoye, tsiron nan da ake dakawa a bugar da kifi. In ta tabbata, rawani ya tafi, sannan a kai shi gaban alƙali. Dagaci ya sa aka yi masa shimfiɗa a gindin tsamiya, gari ya taru. Zangonmu yana kusa, Baturena kuwa akwai shisshigi, sai muka je.

Muka tarar da tsohon a durƙushe yana cewa, "Ranka shi daɗe, ba magani ba na. Ruwan na yas suma. Na gani zamanin babana, shi ma kakana ya hwaɗa mai ya gani. In anka jera shekarun zahi, haka ta kan yi. Dubi tarwaɗa, ga ta nan da ranta tana leƙo kai. Da magimfa ta, ta bar ta?"

Aka kwashe da dariya, wai ruwa da suma. Ni ma na dara, har da gyara safa.

Bature bai yi dariya ba. Ya shiga ruwa har gwiwa, ya ɗebo a kwalba, ya damƙo baƙin taɓo ya sansana, sannan ya fito ya yi mini dogon bayani. Ya ce babu guba. Ya ce a cikin ruwa akwai iskar numfashi da kifi ke shaƙa, kuma in ruwa ya yi zafi ya tsaya wuri ɗaya, sai ta ƙare. Ya taɓa aiki a bakin teku, ya ce can ma haka ne a ƙasashen zafi, sai dai juyin can ba na shekara goma ko ashirin ba ne. Duniya kan ɗauki dubban shekaru tana ɗumi, ta ɗauki wasu dubbai tana sanyi, iskar da ke ƙasan teku tana raguwa tana dawowa. Har ya ce baƙin yumɓun da muke fitarwa daga rijiya mai zurfi, mai ɓawon katantanwa a ciki, shaida ne cewa ƙasar nan tamu teku ce a da, kuma ta taɓa shaƙewa. Maganar tsoho ce dai, ta sa hular kwano.

Na fahimta sarai. Amma maimakon in bi ta daki-daki, sai na ga gara in dunƙule ta, yadda manyan masana ke yi. Na buɗe ƙirji na ce, "Bature ya ce babu magimfa. Ya ce iskad da ke cikin ruwanga ita tah hita."

Kowa ya san abin da Bagobiri ke ji in an ce masa akwai iska a cikin ruwa. Wata tsohuwa 'yar bori ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ashe ko Nasara ya san ta!" Liman ya yi a'uziyya ya ja rigarsa gefe.

Dagaci ya ce mini, "Tambaye shi, mi yak kore ta?"

Na ce, "Ya ce zahi."

"Za ta komo?"

"Ya ce ta kan tahi ta komo. Ko cikin teku haka ta ka yi."

Wani daga baya ya ce, "Har teku ta ka zuwa? Lalle babba ta!"

Nan ɗan'uwan ya yi wuf ya miƙe. Mutumin da ya wuni yana rantsuwa a kan magimfa, ya yar da ita ko waiwaye babu. Ya ce, "To kun ji da bakin Nasara! Wa ka riƙon amanatta in ba Sarkin Ruwa ba? Shekara biyu bai yanka mata baƙin bunsuru ba, wai ya zama na malamai. Ga ta nan ta yi hushi, ta bam mu da wari."

A lokacin na gane ɓarnar da na yi. Gyaranta kalma ɗaya ce, in ce ta numfashi ake nufi. Liman ma da ya ɗaga murya da an tsaya, amma ya ga taro ya karkata, ya duƙufa ga carbinsa. Bature ya juyo ya ce me suke cewa. Na dubi jama'a, na dubi matan da ke kallona, na tuna an san ni da cewa Turanci ba ya ba ni kashi. Sai na ce masa godiya suke yi, sun fahimta. Ya yi murmushi ya rubuta wani abu a littafinsa, ina jin yabon basirar Gobirawa ne.

Kafin la'asar aka warware rawanin daga kan tsohon. Ya tsaya da 'yar hularsa yana kallon ruwa. Har yau in na tuno tsayuwar nan kunya kan rufe ni.

Sabon Sarkin Ruwa ya yanka bunsurunsa. Ba a yi kwana goma ba aka yi ruwan fari, wanda da ma lokacinsa ya yi. Damina ta yi kyau, gulbi ya cika tafki, kifi ya dawo, duk gari ya yaba wa bunsuru.

Bayan kamar shekara na ga tsohon a kasuwar Isa, yana zaune yana ɗinke wa mutane komar kamun kifi. Na so in ratse, ya kira ni. Na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni?" Ya amsa, hannunsa bai bar zare ba. Can ya ce, "Ɗana, ni na san iskad da Nasara ka nuhi." Ya ɗago ya dube ni. "Kai ma ka sani."

Abin da na koya ke nan, kuma da rawanin wani na koye shi. Kuskuren baki kowa na yi, ana kuma gyara shi nan take da kalma ɗaya. Ni na riƙe tawa kalmar don kada a ce tafinta ya yi kuskure, tsohon kuwa ya mutu yana ɗinkin koma a kasuwa.