Rariyar Malam Nu'uman

Duk Ƙofar Guga an san Malam Nu'uman mai gyaran rediyo, wanda ya kafa eriya a kan soronsa har ta fi dabinon maƙwabta tsawo. Yana da lasisin rediyon oba-oba, irin wanda ake magana da na nesa ta cikinsa, kuma bayan la'asar ba ya da aiki sai hira da mutanen da bai taɓa gani ba. Abin alfaharinsa wani ɗan akwati ne da ya haɗa da hannunsa, yana ce masa rariya. Rariyar tana tace shuuu da ƙarar iska, ta bar magana tsab, komai nisanta. Kai, idan ya fara yabonta, sai ka nemi wurin zama.

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, labari ya zo cewa motar ƙaninsa Lado ta ɓata a hamada bayan Agadas. Mahaifiyarsu Hajo, tsohuwa ce da idonta ya tafi, ta daina cin abinci. Nu'uman ya yi ta kira, har wani abokin hirarsa na can ya gano Lado a raye, ya kawo shi gaban na'urarsa.

Aka riƙo hannun Hajo zuwa shagon Nu'uman. Muryar ta zo siririya, Nu'uman ya matse rariya har kowace kalma ta fito.

"Inna, ni ne Lado, lafiyata lau."

Hajo ta girgiza kai. "Wanga ba ɗana ba ne. Kun sa wani ya lallashe ni."

Abin ya soki Nu'uman ƙwarai. Ya sake saurarawa, sai ya gane gaskiyarta. Rariyar ta kwashe kaurin muryar tare da hayaniyar, ta bar kalmomin da kowa zai iya faɗa.

Ya miƙa hannu ya zare wayar akwatin nan da yake ji da shi. Shagon ya cika da ƙara kamar ana suyar ƙosai, ba ka tsintar ko kalma ɗaya. Can ƙasa sai ga gyaran murya, mai kauri, irin wanda marigayi babansu yake yi kafin ya yi magana.

Hajo ta lalubo rediyon ta dafa shi da hannu biyu.

"Bar shi haka, Nu'umanu, kar ka gyara," ta ce. "A gaya mashi ina ji. Kuma a ɗumamo mani tuwon nan."